Ƙaramar Mota Mai Zafin Nama: Gudu, Ƙarko da Shan Mai



Na san ba za a rasa mai cewa, me ya haɗa malamin Hausa da injin mota? Ni dai ta ƙofar kalmomi na shiga zancen. Na daɗe ina zuwa garejin makanikai ina tattara kalmomin sana'arsu, irin su kafireta da lagireto da fulogi da kuloci, domin in ga yadda Hausa ta tanƙwara su suka zama nata. To, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Garin neman sunan abu sai na shiga tambayar aikinsa.

Motar da zan yi magana a kanta ita ce irin guntuwar nan wadda ba ta da but a ware. An datse bayanta, an sa mata ƙyaure guda wanda ake ɗagawa sama tare da gilashinsa. Turawan Ingila suna kiranta hacbak, kuma Golf ɗin da muke gani a titunanmu irinta ce. A cikin wannan dangi akwai wani reshe wanda masu ƙerawa kan sa wa inji mai ƙarfi fiye da na 'yan'uwanta, su ƙara mata birki, su taurara ƙafafunta don ta riƙe hanya a kwana. Ita ce na kira mai zafin nama.

Wanda ya sayi irin wannan mota abu uku yake nema: ta yi gudu, ta yi ƙarko, kada kuma ta sha mai. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Duk da haka masu ƙera motoci sun sami wani sulhu tsakanin buƙatun nan, kuma sulhun a kan abu biyu ya rataya, watau rashin nauyin motar, da kuma rarar ƙarfin da aka bari cikin injinta ba a taɓa ba. Mafi yawan abin da ake kira ƙara wa mota ƙarfi cin wannan rara ne.

Abin mamaki shi ne, ƙarancin mai ne ya haifi motar gudu ta talaka. A 1956 rikicin mashigin ruwa na Suwes ya sa aka ƙayyade sayar da fetur a Ingila, har wani injiniya mai suna Alec Issigonis ya fito da Mini a 1959. Dabararsa ita ce ya gicciye inji a gaba, ya sa tayoyin gaba su ja motar, ta haka mota mai tsawon mita 3 ta ɗauki mutum huɗu. A 1961 John Cooper ya ƙara wa injinta ƙarfi, sai ga 'yar mitsitsiyar nan ta lashe tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. Mini ta wancan zamani ba ta da ƙyauren baya, amma tsarinta kowa ya kwafa.

Sa'an nan aka yi yaƙin watan Oktoba na 1973, ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, kuɗin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A Jamus ta Yamma har aka hana tuƙa mota ranar Lahadi huɗu a jere. A wannan yanayi kamfanin Volkswagen ya fito da Golf a 1974 domin ta gaji Beetle. Mu kuwa a Nijeriya wannan tashin farashi arziki ya zame mana. Kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas a 1975, litar fetur ba ta kai kwabo 20 ba. Saboda haka lokacin da Bature yake lissafin kowace lita, iyayenmu 504 suke nema, ba wanda ya damu da abin da take sha.

Wasu ma'aikatan Volkswagen, a bayan lokacin aiki, suka ɗauki Golf suka sa mata injin lita 1.6, suka cire kafireta suka sa na'urar fesa mai ta kamfanin Bosch, wadda makanikanmu ke kira injekta. Manyan kamfani ba su yi zaton za ta karɓu ba, suka yarda a ƙera 5,000 kawai. An nuna ta a bajekolin Frankfurt a 1975 da sunan GTI, aka soma sayarwa a 1976, kuma kafin a daina wannan samfurin an sayar da fiye da 450,000. Ƙarfinta doki 110 ne, tana kai kilomita 182 a sa'a, tana kuma tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 9 ko kusa da haka.

Ina so a tsaya a kan lamba ɗaya, domin ita ce asirin motar. Nauyinta kilo 810 ne. In an raba, kowane doki kilo 7 da 'yan kai yake ja. Peugeot 504 mai injin lita 2, wadda ƙarfinta doki 90 da 'yan kai ne, nauyinta ya kai wajen kilo 1,200, watau kowane doki nata yana jan fiye da kilo 12. Ashe ba girman inji ya ba GTI gudu ba. Kayan da aka ɗora wa dokinta ne ba su da yawa. Mota mara nauyi kuwa ba ta wahalar da birki, ba ta cin taya, ba ta neman mai da yawa wajen tashi, shi ya sa a nan ne kaɗai buƙatun nan uku suke zama lafiya da juna. Peugeot ta bi wannan hanya a 1984 da 205 GTI, mai doki 105 da nauyin da bai kai kilo 900 ba, daga baya a 1986 aka yi mai lita 1.9 da doki 130. Masu tuƙi sun so ta ƙwarai, ko da yake tana da hali: in direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayanta kan juyo gaba. Yawan haɗari da sata ya sa kuɗin inshorar irin motocin nan ya yi tsada ainun a Ingila a farkon shekarun 1990, kasuwarsu ta faɗi na wani lokaci.

Yanzu bari mu leƙa cikin inji. Mutane da yawa sun ɗauka mai shi ne ƙarfi, in an ƙara mai an ƙara ƙarfi. Ba haka ba ne. Fetur ba ya ƙonewa sai da iska, kuma kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Zuba mai abu ne mai sauƙi, shigar da iska ita ce aiki. Don haka duk mai son ƙarfi hanya uku gare shi: ya girmama silinda, ko ya sa inji ya riƙa juyawa da sauri, ko ya ɗura masa iska da ƙarfin tsiya.

Hanya ta farko ba ta dace da ƙaramar mota ba, ba sai mun daɗe a kanta ba. Ta biyu ita Honda ta bi. A 1997 ta fito da Civic Type R, wadda injinta na lita 1.6 yake ba da doki 185 a juyi 8,200 cikin minti ɗaya. A duba abin da wannan yake nufi. Ko a juyi 6,000, kowane fistan yana tsayawa cik ya juya baya sau 200 cikin daƙiƙa guda, kuma in an ninka saurin juyi sau biyu, wahalar da ƙarfen ke sha sau huɗu take ninkuwa. Injin Honda ya jure ne domin tun daga masana'anta an ƙera sassansa saboda wannan aiki. Wanda ya ɗauki injin da aka yi don juyi 6,000 ya tilasta masa 8,000, rayuwarsa yake gajartawa.

Hanya ta uku ita ce turbo, kuma ita ta mamaye kasuwa tun daga shekarun 2000. Turbo wata 'yar fanka ce wadda hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta juya wata fankar da ke matsa iska cikin silinda. Da ita Ford Fiesta ST ta 2013 ta sami doki 182 daga lita 1.6, Toyota GR Yaris ta 2020 kuwa ta sami 261 daga silinda uku kacal. Amma fa fankar nan tana juyi fiye da 150,000 a minti, cikin hayaƙin da zafinsa ke kai digiri 900, kuma ba abin da ya raba sandarta da mazauninta sai ɗan siririn baƙin mai. In baƙin man ya tsufa, ko jabu ne, ko an kashe inji nan take bayan doguwar tafiya har man ya ƙone a cikinta, to, kwananta ya kusa ƙarewa. Tsohuwar Golf takan yafe wa mai ita in ya makara da juyen mai. Mai turbo ba ta san yafiya ba.

Wajen shan mai kuma, injin turbo fuska biyu gare shi. In ana tafiya a hankali, ƙaramin inji ne, yana shan mai irin na ƙaramin inji. Da zarar an taka totur, iskar da aka matsa takan yi zafi, zafi kuwa yana sa mai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bi ta cikinsa. A nan akwai wata kalma da ya kamata ɗaliban harshe su lura da ita. In makanikenmu ya ce inji ya yi nokin, nufinsa ya buga, ya tashi daga aiki. A bakin injiniyoyi kuwa asalin kalmar wannan fashewar take nufi, wadda ake jin ƙararta kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Watau mu mun ɗauki sunan cuta mun ba gawa. Domin gudun wannan cuta, kwamfutar motar takan jinkirta wutar fulogi, ta kuma kwarara ƙarin mai, ba don ya ƙone ba, sai don ya sanyaya cikin silinda. Saboda haka mota guda, a hanya guda, tana iya shan ninkin abin da ta sha jiya, abin da ya canza kawai ƙafar direba ce.

To, ina lambobin da ake rubutawa a takardar talla suka fito? A ɗakin gwaji ake samo su. Tsohon gwajin Turai tafiyar kilomita 11 ce cikin kimanin minti 20, matsakaicin gudu wajen kilomita 34 a sa'a, ba a kunna na'urar sanyi, kuma ana tashi sannu-sannu yadda turbo ba za ta farka ba. Masu ƙera motoci suka ƙware wajen cin wannan jarrabawa, har masu bincike suka gano cewa zuwa 2015 abin da sababbin motoci ke sha a kan hanya ya ɗara na takarda da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Daga 2017 aka soma sabon gwaji na kilomita 23 cikin minti 30, wanda ya fi kusa da gaskiya. Amma da yawa daga cikin motocin da ke zuwa mana na hannu an auna su ne da tsohon, don haka lambar da ke cikin littafinsu ba abin dogaro ba ce.

Akwai kuma wata doka da babu injiniyan da ya isa ya karya ta, ita ce turjiyar iska. In gudu ya ninku sau biyu, turjiyar sau huɗu take ninkuwa, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuwa sau takwas. Tafiyar kilomita 180 sa'a biyu ce a gudun 90, sa'a ɗaya da rabi a gudun 120. An ci ribar rabin sa'a, amma iskar da motar ke turawa ta ƙaru da kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma tanki ne ke biya.

Mu komo kan saiti. Kalmar da Turawa ke amfani da ita daga kayan kiɗa aka aro ta, kamar yadda mai garaya ke ɗaure tsirkiya har sautinta ya daidaita. Saiti na gaskiya shi ne mai da inji kan ma'aunin da masu shi suka ajiye: fulogi mai kyau, matatar iska mai tsabta, bawul a daidai, iskar taya a cike. Wannan yana ƙara ƙarfi, ya rage shan mai, ya tsawaita rai, kuma shi ne kaɗai saitin da ba ya cin kowa. Ɗayan kuwa wuce ma'aunin ne. Kamfani in zai ƙera inji, yakan tuna cewa wani zai kai shi ƙasar ƙanƙara, wani hamada, wani zai ba shi mai mara kyau, wani zai manta da juye. Sai ya bar rara saboda waɗannan duka. A zamanin da, mai neman wannan rara sai ya kwance inji ya yi ta gogar ƙarfe. Yanzu da kwamfuta ake yi cikin sa'a guda: a sauya umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar mota, a ƙara matsin turbo, a matso da wutar fulogi gaba. Injin turbo kan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ta wannan hanya. Wanda ba shi da turbo kuwa abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, domin babu ƙarin iska.

Ƙarfin da aka samu na gaske ne, ban ce ƙarya ba ne. Sai dai kuloci yana nan yadda yake, giya tana nan, fistan da lagireto suna nan, duka an auna su ne da tsohon ƙarfi. Galibi kuloci ke fara kuka, ya soma zamewa a babbar giya. Sauran sukan yi shiru har ranar da zafi da mummunan mai da doguwar hawa suka haɗu, ranar da rarar nan za ta yi amfani, sai a tarar an riga an cinye ta. Kamfani kuwa da ya ga an taɓa kwamfuta ya janye lamuninsa. Masu wannan sana'a sukan ce har mai aikinsu ke ragewa. Yana yiwuwa in direba ya ci gaba da tuƙi irin na da, amma ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin ƙarin doki ya bar shi ɗaure a turke ba. Salansa mai ƙara da faffaɗan taya kuwa, na farko kunnen maƙwabta yake cika, na biyu mai yake ƙarawa.

Matasa sukan kafa hujja da motocin tsere. Gaskiya ne Peugeot 205 Turbo 16 ta ci gasar duniya a 1985 da 1986, ta kuma ci tseren Faris zuwa Dakar a 1987 da 1988, tseren da a shekarun nan yake ratsa ƙasar Nijar ta wajen Agadas. Amma waccan motar kama kawai ta yi da 205 ta kasuwa. Injinta a bayan direba yake, tayoyinta huɗu duka ja suke yi, kuma kowane zango akwai makanikai da manyan motoci cike da kayan gyara suna jiranta. Ƙarkonta na yini ɗaya ne, ana sabunta shi da dare. Ma'aikacin da ke son ya isa sakatariya ƙarfe takwas ba shi da wannan rundunar.

Duk abin da na faɗa ya fi tsanani in motar ta sauka a Kwatano ko Legas ta kamo hanyar arewa. An tsara irin motocin nan don fetur mai lambar inganci 95 ko 98, lambar da ke nuna juriyarsa ga fashewar da na ambata, namu kuwa wajen 91 yake. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, in kuwa an sa irin matatar tsere mai manyan ƙofofi, ƙurar ta wuce ta ci silinda. Ba mu manta da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi a watan Fabrairu na 2022 ba, wanda ya lalata motoci da dama. Watau tun kafin kowa ya taɓa kwamfuta, ƙasarmu ta riga ta ci rabin rarar.

Mu ma muna da namu irin saitin, kuma na taɓa shan sa. Akwai wani ɗan bawul a bakin hanyar ruwa da ake kira tamostat, aikinsa ya tsare ruwa har inji ya ɗumama zuwa wajen digiri 90, sa'an nan ya buɗe. Wani makanike ya cire mini shi, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce abin ƙasar sanyi ne. Na yarda, domin maganar ta yi kama da hankali. Abin da ban sani ba shi ne, muddin inji bai kai zafinsa ba, kwamfuta tana ɗauka yanzu aka tashe shi, sai ta yi ta ƙara mai. Na yi watanni ina zagin gidajen mai kafin in gane ɓarawon a gidana yake. Haka kuma cire matatar hayaƙin nan da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi saboda kamannin cikinta. In an cire ta ba tare da lura da na'urorin da ke auna hayaƙi ba, kwamfutar kan rikice, hayaƙi mai guba kuma ya koma hancinmu.

Da, ana iya kau da kai daga wannan ɓarna. Amma tun da aka ba da sanarwar janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya ninku kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, muka shiga halin da Bature ya shiga a 1973. Ma'aikacin da ke tafiyar kilomita 1,000 a wata, in motarsa na shan lita 7 a kowace kilomita 100, lita 70 zai saya. In ta koma shan 10, ya zama lita 100. Bambancin lita 360 ne a shekara, kowa ya auna shi da albashinsa.

A ganina motocin nan da kansu sun bar hanyar da suka faro. Golf GTI ta 2020 doki 245 gare ta, amma nauyinta ya wuce kilo 1,400, ko da yake dole a yarda cewa wani ɓangare na nauyin ƙarfen kare rai ne, kuma wanda ya yi karo cikin ta 1976 ba zai so ya maimaita ba. Fiesta kuwa an daina ƙera ta gaba ɗaya a watan Yuli na 2023. Wadda ta fi kusa da tsohon tunani ita ce Suzuki Swift Sport da aka fito da ita a 2017, mai doki 140 da nauyin kilo 970. In ɗalibina ya kama aiki ya ce lalle sai mai zafin nama, zan ce ya nemi mara nauyi, wadda ba a taɓa kwamfutarta ba, wadda kayan gyaranta ke samuwa a garinsu, ya kuma tambayi kuɗin baƙin manta kafin ya tambayi gudunta.

Game da sanin abin da mota ke sha kuwa, kada a dogara da allurar tanki ko lambar da ke fitowa a gaban direba. A cika tanki har famfo ya tsaya, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya kamar yadda aka saba, sa'an nan a koma famfon nan dai a sake cikawa. Litar da ta shiga a ninka ta sau 100, a raba da kilomitar da aka yi. A yi haka sau uku kafin a kai mota wurin saiti, a kuma yi sau uku bayan an karɓo ta.